Injin Tururi da Katakon Falon Sama

Litinin, 2 ga Satumba

Share matakala kafin baƙi su sauko.

An yi. Sai ɗakunan ƙasa guda huɗu, sai na sama biyar, sai falon sama. Shekara goma sha uku ke nan ina wannan zagaye a masaukin nan, ban taɓa sauya jerinsa ba.

Hajiya mai masaukin ta tara mu da hantsi. Magana biyu ta kawo. Ta farko, za a sayi injin goge ƙasa mai tururi, wai baƙi sun fara ƙorafin warin maganin da ake sa wa mofa, tsumman goge ƙasa, da santsin tayil. Ta biyu, ƙarshen wata za ta naɗa shugabar masu gyara, ta danƙa mata makullan sito. Makullan da suke rataye a ƙuguna tun ban haifi autana ba. Ashe duk shekarun nan riƙon ƙwarya nake yi.

Mu biyu ne kacal masu gyara: ni da sabuwar da aka ɗauka makon jiya a kan gwajin wata guda. A wani asibiti ta yi aiki, in ji ta. Ba ta wuce talatin ba. "Yaya" take kirana. Ban hana ta ba, ban kuma amsa da sakin fuska ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Bayan an tashi na biya shagon kayan lantarki. Ba wanda ya aike ni. Iri uku na tarar, na ja layi a takarda na rubuta:

Na ɗaya, tankin ruwa babba, wayar wuta gajera, tururi mataki ɗaya.
Na biyu, tanki matsakaici, waya doguwa, tururi mataki uku, kansa yana lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin gado, kyallen gogewa biyu.
Na uku, mai batir, mara nauyi, amma mai shagon da kansa ya ce ba ya kai rabin sa'a.

Sai da na sa ya kunna kowanne. Ya ce, "Anti, ke saye za ki yi ko jarrabawa za ki ba su?" Na zaɓi na ɗaya, saboda babban tanki ba sai an yi ta safa da marwa wajen famfo ba. Na sake kwafe takardar da rubutu mai kyau, sau biyu, don na farkon ya karkace.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na miƙa wa Hajiya takardar. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta miƙa wa sabuwar ko dubawa ba ta yi ba. "Ke da kika yi aiki da irinsa, duba mana."

Sabuwar ta karanta a tsaye. Ta ce na biyu. Na ce na ɗaya ya fi ɗaukar ruwa. Sai ta ce, ba da gatse ba, wannan ne ma ya fi ƙona min rai: "Yaya, in an cika wannan tankin wa zai hau da shi bene? Kuma mataki ɗaya ne, katako ba ya son tururi mai ƙarfi."

Ban yi tunanin nauyi ba. Awa guda ina tsaye a shago ban ɗaga ko ɗaya ba. Kullum haka nake, in auna komai in manta abu ɗayan da ke gaban hancina.

Da takardata aka tafi sayen zaɓinta.

Asabar, 7 ga Satumba

Injin ya iso. Fari da shuɗi, siriri kamar sanda.

A kicin aka gwada. Sabuwar ta share ƙasa tukuna, ta zuba ruwa zalla, ba sabulu ba magani, ta jona, muka tsaya jira sai ga shi yana huci. Baba Kuku ya ja da baya da ludayinsa ya ce, "Jirgin ƙasa ya iso tasha! A ba Direba hanya!" Shi ke nan suna ya bi ta. Har Hajiya yanzu Direba take cewa. Ya waiwayo gare ni ya ce, "Uwar bokiti, ke fa, tikitin tsaye kika yanka?" Na yi dariya don kowa na yi.

Abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba: layin simintin da ke tsakanin tayil ɗin kicin, ashe ruwan madara ne. Ni na ɗauka baƙi aka yi shi. Shekara goma sha uku ina bi ta kansa da mofa. Ta sa ƙaramin burushin injin ta bi layi ɗaya, ya fito fes a tsakiyar sauran kamar an ja alli. Hajiya ta ce, "Ikon Allah!" Ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni ma da ya fi sauƙi.

Ƙasa ta bushe kafin a gama yabon.

Talata, 10 ga Satumba

Ina ninke tawul a baranda ina jin Direba tana yi wa Hajiya bayanin injin. Na haddace, na zo na rubuta. Ba don ina sha'awa ba, don kada a tambaye ni in yi zuru.

A share ko a zuƙe ƙura tukuna, in ba haka ba laka za a dama.
Ruwa zalla. In ruwan famfo mai gishiri-gishiri ne a sa tataccen ruwa, kada farin dutse ya toshe bakin.
Tayil, mataki na uku. Katako, na ɗaya kawai, kuma sai wanda aka rufe da sheƙin kafinta.
Kada a tsayar da shi wuri ɗaya a kan katako ko da na gaisuwa ne.
Kyalle ya yi datti a sauya. A wanke shi ba tare da maganin laushin kaya ba.
A cire wuta, ya huce, a zubar da ragowar ruwa.

Guda shida. Me ke ciki da ba zan iya ba? Sai dai ba wanda ya ce in taɓa, ni kuma ba zan roƙa ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Bokitina ya kwana a sito, ba wanda ya neme shi. Ni ma kusan haka.

Juma'a, 13 ga Satumba

Direba ta hau sama da injin. Ɗakunan sama katako ne, shekara uku da suka wuce aka sake su, kafinta ya shafa musu wannan ruwan da ke bushewa kamar gilashi. Na laɓe a bakin ƙofa da zanen gado a hannu ina jira in ga ya kumbura. Astagfirullah, amma abin da nake jira ke nan.

Bai kumbura ba. Ta ɗiga ruwa a lungu tukuna, ta tsuguna tana kallo. Ta ce haka aka koya musu: in ɗigon ya tsaya cur kamar dutsen ado, katakon a rufe yake, in ya nutse kada a kusance shi. Ya tsaya. Ta bi ɗakin da mataki na ɗaya, tana tafiya ba tsayawa, tana bin tsawon katakon. Ya yi kyau. To, ya yi kyau, na rubuta.

A gida na yi ta mita har Baban yara ya ce, "Wai inji ne ya tsone miki ido ko mai injin?" Na ce a'a, ni tsarin aiki nake magana. Ya ce, "To, Allah ya ba tsarin aiki haƙuri." Na shiga wanke kwanukan da na riga na wanke.

Litinin, 16 ga Satumba

Wata ƙungiya ta kama falon sama don taro ranar Alhamis. Hajiya ta ce, "Direba, gobe ki bi shi da jirginki, ina so ya ɗauki ido."

Falon sama nawa ne. Ba wanda ya taɓa goge shi sai ni.

Bari in rubuta abin da na sani, ko zan ji sauƙi. Katakon falon ba irin na ɗakuna ba ne. Tsohon katako ne tun ginin farko, lokacin gyara ba a taɓa shi ba don Hajiya ta ce marigayi maigidanta ne ya zaɓe shi. Ba sheƙin kafinta a kansa ko kaɗan. Ƙyallin da ake gani kaki ne irin na goge katako, ni nake murza shi da hannu duk wata biyu. A ido ba ka bambanta shi da na ɗakuna. Kuma in aka ɗiga masa ruwa, ɗigon zai tsaya cur, don kaki ma ba ya shan ruwa. Amma tururi zafi ne, zai narkar da kakin ya shige cikin katakon.

Hajiya ta manta, ko ba ta taɓa sani ba. Direba ba ta da hanyar sani.

Zan faɗa mata da safe. Ko kuma ita da ta san komai ta gano da kanta. A'a, zan faɗa.

Talata, 17 ga Satumba

Ban faɗa ba.

Kai, ba ma haka ba ne. In zan rubuta in rubuta daidai.

Ina sauya ruwan furanni a falon Direba ta shigo da injin. Ta share, ta ɗiga ruwa kusa da taga, ɗigon ya tsaya. Ta shafa katakon da yatsa, ta shinshina yatsan. Wani abu ya ɗarsu a ranta, na gani a fuskarta. Ta ce, "Yaya, wannan ɗaya ne da na ɗakuna kuwa? Zai ɗauki tururi?"

Na ce, "Ai ke ce Direba. Ba ga ɗigonki nan ya tsaya ba?"

Na ɗauki tulun furanni na sauka. A matakala na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, ɗigon ya tsaya. Har na kai ƙasa ina maimaitawa.

Minti goma ba su cika ba na ji salatinta. Na hau. Daga taga zuwa kafet, wuri kamar faɗin tabarma biyu, ya yi fari-fari kamar an zubar da madara ta bushe, yana danƙo. Da ta ga farin farko ta ɗauka datti ne ke fita, sai ta tsayar da injin a wurin ta ƙara mataki. Nan gefen katako biyu suka ɗan ɗaga baki. Tana durƙushe tana gogawa da gyalenta.

Na ɗauka zan ji daɗi. Tun ranar Asabar ɗin can nake tanadin wannan daɗin. Bai zo ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Kafinta ya zo. Ya kankare wurin da farce ya ce, "Wa ya sa wa kaki tururi? Ai wannan kamar a kai man shanu rana ne." Ya ce farin zai fita in aka cire tsohon kakin aka bar katakon ya sha iska aka sake shafawa, aikin kwanaki ne, kuma da hannu. Biyun da suka ɗaga sai an jira a gani. An mayar da taron gobe ɗakin cin abinci.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta tsaya tana kallon wurin, ta ce, "Abu ɗaya da ya bar min ban sauya ba." Sannan ta ce wa Direba, "Me ya hana ki tambaya? Ga wadda ta shekara goma sha uku a nan. Girman kai ne?"

Direba ta kalle ni sau ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Hajiya ta ce ta ƙarasa makon nan, gwaji ya ƙare. Ta juyo ta ce min, "Ke kuma ki ci gaba da riƙe makullanki, ranar ɗaya ga wata mu yi magana. Tsohon hannu daban ne."

Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Na samu.

Alhamis, 19 ga Satumba

Baba Kuku bai yi wasa da kowa ba yau. Ya zuba wa Direba abinci ya ƙara, ta bar shi.

Juma'a, 20 ga Satumba

Direba ta same ni a sito. Ta jera kyallayen injin a wanke, ta naɗe wayar. Ta ce, "Zo in nuna miki yadda ake cire tanki, kada in tafi ya lalace a banza." Ba Yaya a ciki.

Ta nuna min. Murfin ya kuɓuce min ya faɗi. Sai na ji bakina ya ce, "Me ya sa ba ki gaya wa Hajiya kin tambaye ni ba?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "In ce me? 'Yar sati uku ta ƙaryata 'yar shekara goma sha uku? Da an ce ga ɓarna ga sharri." Ta ɗauki murfin ta goge. "Tun da kika sauka da tulun nan ba ki waiwayo ba na san akwai magana. Na ce a raina, a'a, babba ce, ba za ta yi haka ba. Wautata ke nan." A bakin ƙofa ta ƙara: "Ni ba makulli na zo nema ba, wallahi. 'Ya'ya uku gare ni, abincinsu na zo nema."

Na zauna a kan bokiti a kife har aka neme ni ɗaki na uku.

A gida na gaya wa Baban yara duka, ban rage ba. Na so ya yi faɗa. Bai yi ba, sai ya ce, "To yanzu wa kike jira ya faɗa miki abin da kika riga kika sani?"

In na faɗa, makullai sun tafi. Wataƙila aikin ma. In ban faɗa ba, gobe ce ranarta ta ƙarshe, kuma ba mai sani har abada sai ni da ita da Allah. Na rubuta dalilan kowane ɓangare a layi biyu kamar yadda na yi wa injuna. Na yaga takardar. Wannan ba ta aunuwa.

Asabar, 21 ga Satumba

Na shirya jawabi mai kyau a hanya, da gabatarwa da komai. Da na shiga ofis ya gudu. Abin da ya fito: "Hajiya, ta tambaye ni. Na san kaki ne. Na ƙi faɗa."

Ta cire tabarau. "Kin manta ne?"

Ƙofa ce ta buɗe min, na gani. Na ce, "Ban manta ba."

"To don me?"

Na ce, "Layin tayil ɗin kicin." Ba ta gane ba, ni ma ban iya ƙarin bayani ba, sai hawaye, a gaban mace da ban taɓa yi wa kuka ba.

Ta miƙo hannu. Na kwance makullan na ba ta. Igiyar ta ƙi kwantuwa, ta daɗe a ƙulle, sai da na sa haƙori. Ta jefa su a jaka ta ce, "Ba don katakon ba, katako yana gyaruwa. Na bar miki gidan nan ina barci da ido biyu rufe." Ba shugaba a wannan watan, ko na gaba, sai ta ga dama. Duk mai son sabulu ya zo ofis ya tambaya. Direba za ta zauna. Falon kuwa, ni zan gyara, "kuma ita za ta taya ki, in ta yarda, don ba zan tilasta mata ba."

Ban san ko ta yarda ba. Na wuce ta a baranda na ce, "Ki yafe min." Ta ce, "Na ji." Na ji kawai.

Ƙuguna sakayau. Sau uku ina kai hannu wurin.

Litinin, 23 ga Satumba

Na fara falon ni kaɗai. Man cire kaki da kafinta ya bari, soson ƙarfe mai laushi, tsumma, tagogi a buɗe. Kaɗan-kaɗan, ana bin tsawon katako.

Wajen sha ɗaya na ji takun Direba. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta durƙusa a ɗaya gefen ta ɗauki soso. Ba sallama ba gaisuwa. Ta fara murzawa da ƙarfi a zagaye. Na ce, "A hankali, kuma bi jijiyarsa, kada ki ƙetare." Ta ce, "Yau dai an faɗa kafin a yi." Na haɗiye. Na cancanta.

Ni ina da ɗan matashin da na ɗinka nake durƙusa a kai. Ita a kan katako tsura take, tana ta sauya gwiwa. Na tura mata, ta turo min.

Baba Kuku ya leƙo da shayi kofi biyu ya ce, "Direba da Uwar bokiti a layi ɗaya, yau jirgi a ƙasa zai tafi da gwiwa." Ita ce ta fara dariya.

Talata, 24 ga Satumba

Farin ya fita kusan duka. Ɗaya daga cikin katakon biyu ya kwanta, ɗayan har yanzu yana kama tsumma a gefe. Kafinta ya ce a ba shi mako.

Da safe na je ofis neman sabulu. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa har Hajiya ta gama waya. Zan saba, ko ba zan saba ba.

Bayan azahar Direba ta jingina min injin a ƙofar kicin ta ce, "Yaya, bayana ya riƙe, ki yi wannan." Bayanta lafiya lau, na ga ta ɗaga katifa ita kaɗai. Na share, na zuba ruwa, mataki na uku. Na yi sauri da yawa da farko, ta ce daga nesa, "Ba kora ake yi ba, ki bar shi ya yi aikinsa." Bai da nauyi. Ban ce ina son sa ba. A lungun bayan firji akwai wani layi da ta tsallake tun ranar farko, na bi shi da ƙaramin burushin ya fito. Ban nuna wa kowa ba. To, ita na nuna wa.

Hajiya ta wuce ta ce kicin ya yi kyau, "sannu Direba." Ya ɗan sosa ni. Kaɗan. Kafin in gama jin sosuwar Direba ta ce, "Ba ni ba ce, Hajiya."

Gobe:

Matakala.
Ɗaki na biyu da na bakwai, baƙi za su tashi.
Tambayo kaki a ofis.
Shafa na farko a falo, in katakon ya bushe. A taɓa da tafin hannu tukuna.
Rubuta takarda a manna bayan ƙofar sito: wane ɗaki ne tayil, wane ne sheƙin kafinta, wane ne kaki. Da sauran abubuwan da ni kaɗai na sani. Suna da yawa, ban gama tunawa ba.
Wanke kyallayen injin.
Matashin gwiwa na biyu. Na yanka yadin, saura auduga.